Wane Ne Ibidu?

Bana azumi ya zagayo ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, irin bazarar Maraɗi da ko tabarma ka taka da rana sai ka ɗage ƙafa. Jiya bayan azahar wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, ina zaune a baranda da mafici ina duba memuwar wata ɗalibata, wato kundin binciken da ake rubutawa a ƙarshen karatun jami'a. Yarinyar tana da ƙoƙari. Na nuna mata wani wuri na ce ta ƙara bayani a ƙasan shafi, don mai karatu ya san inda ta samo maganar. Ta buɗe ordinatarta, wato kwamfuta, ta danna wani abu sau ɗaya, sai lambobi suka matsa da kansu, uku ta koma huɗu, huɗu ta koma biyar, har ƙarshen babin.

Ta ce, "Madam, shi ke nan?"

Na ce ba shi ke nan ba, ta koma ta karanta duk wani "Ibid." da ke ƙasa da wurin, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi mini irin kallon da ake yi wa tsohuwar da azumi ya fara taɓawa. Ban ga laifinta ba. Ni ma na taɓa yi wa wani irin wannan kallo, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, a wani azumin bazara da ya fi na bana zafi nesa ba kusa ba.

Daminar da ta gabaci wancan azumin ba ta yi ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Iyaka kuma tana rufe, Maraɗi kuwa in ka rufe mata iyaka kamar ka toshe wa mutum hanci ne. Manyan alhazai da motocinsu suka yi cirko-cirko, kasuwa ta koma wurin hira. Mutanen arewa sun gangaro sun kafa bukkoki a bakin gari da ragowar awakinsu. A cikin wannan hali na dawo daga Yamai don in rubuta memuwata ta tarihi, a kan abin da mutanen kwarin Gulbi ke ci idan rumbu ya ƙare. Na zaɓi batun ne ina can cikina cike da shinkafar makaranta. Da na iso gida sai na tarar ana cin batun nawa a kwano.

Na sauka a gidan Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata. Daktilo ne, wato mai buga rubutu da mashin, ya yi shekaru yana buga takardu a ofishin gwamnati har ya yi ritaya, ya fito da furfura, da tabarau mai ɗaure da zare, da wani tsohon mashin ɗin buga rubutu mai nauyin dutsen niƙa. Da shi yake buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki a gindin wata bedi, itacen da wasu ke kira dogonyaro, da abin da ya samu ake cefane. Matarsa Inna Hajo ce ke riƙe da gidan, kuma a wannan shekara riƙon gida aiki ne na mai dabara.

Ga yadda kwanakinmu suke tafiya. Sahur kunu ne tsararo, wanda in ka leƙa ƙwaryar kana iya ganin fuskarka. Ana idar da sallar asuba Kawu zai fito da tebur tsakar gida, mu fara aiki tun da sauran sanyi, ina karanta masa rubutun hannuna na Faransanci yana bugawa. Inna Hajo tana gefe tana tsince zogalen da ɗan'uwanta ke aiko mana daga Jiratawa, inda ake ban ruwa, don a lokacin nan ne kaɗai ido ke ganin kore. Hantsi na ɗagawa gumi zai fara ɗiga daga haɓar Kawu, sai ya ɗaura tsumma a kowane wuyan hannu don kada ya ɓata takarda. Kafin azahar ƙarfen mashin ya yi zafin da ba a taɓa shi, sai mu rufe shi da zane, kowa ya nemi inuwa ya jiƙa mayafi ya lulluɓa. Ba mai magana, don magana ma tana cin yawu. Bayan la'asar mu koma har rana ta yi ja. A sha ruwa da ruwan randa da kwaɗon zogale, wani lokaci da garin rogo in an dace. Duk yamma hadari zai taso daga gabas, baƙi ƙirin, mu fito mu zuba masa ido, iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da ƙasa a baki.

A wurin Kawu na koyi bayanin ƙasan shafi, ba a jami'a ba. Malamanmu sun ce mu yi, shi ya nuna mini yadda ake yi. Kafin ya sa takarda a mashin sai ya ƙirga layukan da za su zauna a ƙasanta, ya auna, ya ɗiga alama da fensir a gefe. Nan rubutun sama zai tsaya ko da a tsakiyar jimla ne. In ya zo wurin lamba sai ya murɗa takardar rabin layi, ya buga lambar ta ɗan ɗaga kai sama da sauran haruffa, ya mayar. Can ƙasa ya ja gajeren layi ya jera su: sunan marubuci, sunan littafi da layi a ƙarƙashinsa, garin da aka buga shi, maɗaba'a, shekara, shafi. In kuwa daga bakin mutum maganar ta fito, to sunansa da na ubansa, sana'arsa, kimanin shekarunsa, garin da aka yi hirar da ranar da aka yi ta. Takarda uku yake haɗawa da karbon biyu a tsakani, saboda haka kuskure ɗaya a wurinsa kuskure uku ne.

Ni kuwa a lokacin gani nake duk wannan ɓata lokaci ne. Na taɓa ce masa ai ba mai karanta waɗannan ƙananan rubutun. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Mariyama, malaman hadisi ba su hwaɗin magana sai sun ce daga wane, shi kuma daga wane. Nasara ya zo ya maida abin ƙasan takarda. Bon, shi ke nan bambancin. Karanto mini na gaba."

Abu ɗaya na so a cikin ƙa'idojin, shi ne "Ibid." Guntuwar kalmar Latin ce mai nufin "wuri guda". Idan maganar da ka kawo yanzu daga inda ta sama da ita ta fito, ba sai ka maimaita dogon bayani ba, ka buga haruffa huɗu da ɗigo ka wuce. Ga saurin aiki, ga tattalin takarda, a shekarar da takarda ta yi wuyar gani kamar gero. Na riƙe Ibid. hannu bibbiyu.

Babi na uku shi ne zuciyar aikin, kuma kusan dukansa daga bakin mace ɗaya na samo shi, wata tsohuwa a Tsibiri da kowa ke kira Iya Mai Anza. Anza wani ɗan itacen daji ne mai 'ya'ya masu ɗacin da ko akuya sai ta yi shawara. Iya ta san yadda ake ɓare su, a shanya, a jiƙa ana sauya ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, a dafa kamar wake. Ta san ganyen da ke riƙe ciki da wanda ke tsinka shi, ta san yadda ake tonon gidan tururuwa a sami tsaba ba tare da an kashe gidan ba. A wannan bazara matan unguwarta da a da suke yi mata dariya, su ne ke zuwa da ƙwaryarsu suna tambaya. Ba ta da ɗa ko jika a raye. Ita kaɗai ce a ɗakinta da tukwanen jiƙo jere a bakin ƙofa. Na yi mata zuwa bakwai kafin azumi, ta cika mini kaye biyu, wato littattafan rubutu, ba ta taɓa ce mini ta gaji ba.

Ranar da muka zo bayani na farko a babin, na karanto, "Iya Mai Anza, matar gida, Tsibiri." Kawu ya ɗauke hannu daga mashin.

"Wanga ba suna ba ne, sana'a ce. Mi ne ne sunanta na yanka?"

Na ce ban sani ba, kuma ba na jin akwai wanda ya sani.

"Ita ta sani."

Na ce, "Kawu, da azumi a bakina zan tafi Tsibiri don kalma ɗaya?"

"Biyu. Da na ubanta."

Yanzu kabu-kabu zai kai ka Tsibiri kafin ka gama gyara zama. A lokacin sai ka je tasha ka jira mota ta cika, mota kuwa ba ta cika, don ba mai abin zuwa yi ko'ina. Na isa rana tsaka, maƙogwarona kamar an zuba toka, ina ta tsine wa ƙa'ida a zuci. Ga kuma kunya. Yaya yarinya kamata za ta dubi sa'ar kakarta ta ce mata yaya sunanki? Na yi ta kewaye-kewaye har ta gane da kanta. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗiyata, kin tambayi abin da ba a tambaya ba tun kahin a haihi uwarki."

Ta ba ni labarin. Da aka kawo ta Tsibiri aure daga ƙauyensu, sai aka tarar sunanta ɗaya da uwar mijinta. Ba mai iya kiran wannan suna a gidan, sai aka ce da ita Amarya. Da ta haihu ta koma Uwar Sani. Sani ya rasu, ƙannensa suka bi shi, mutane suka ji nauyin kiranta da sunan wanda ba ya nan. Wata shekarar yunwa ta ciyar da unguwa da anza, sunan ya bi ta. Waɗanda suka san na farkon duk sun riga ta tafiya.

"Zuwaira," ta ce a hankali, kamar mai fito da zane daga ƙasan adaka. "Ubana Barmo."

Na rubuta. Ta tambaye ni me kuma na sa, na ce matar gida.

"Wane gida? Sa manomiya. In kin gama ki zo ki karanta mini, in ji yadda yake zama cikin takarda."

Na yi mata alkawari. Da na dawo Kawu ya buga sunan da kansa ba tare da na maimaita masa ba, ya tsaya ya dube shi, ya ce madalla. Daga nan har ƙarshen babin duk maganarta ce, saboda haka na jera Ibid. ashirin da biyu a bayanta ina jin daɗi.

Muna gab da fara bugun ƙarshe sai ga wasiƙar malamin da ke duba aikina daga Yamai. Ya yaba, amma ya ce akwai wani Bature na zamanin mulkin mallaka da ya ambaci anza a littafinsa, lalle in nuna na san da shi. Rabin layi ne mutumin ya rubuta, cewa 'yan ƙasa na cin wani ɗan itace mai ɗaci. Na ƙara jimla ɗaya a shafin farko na babin, na rubuta bayaninta a guntuwar takarda na miƙa wa Kawu, na ce wannan ya zama lamba biyu, sauran su matsa. Ya bi su da fensir yana sauya lambobin ɗaya bayan ɗaya, sai ya tsaya.

"Waɗanga Ibid. da ke biye, ba su da lambar shafi?"

Ranar azumi na goma sha tara, kaina yana sarawa, ga ranar kai aiki Yamai ta matso. Na yi masa wannan kallon da na faɗa, na ce, "Kawu, ba abin da ya sauya, buga kawai." Ya buga. Kwana huɗu ya yi a kan babin, ya fito tsaf ba ko ɗigon gyara.

Na ɗauki kwafi ɗaya na tafi Tsibiri cika alkawari. Na sami Iya a inuwar ɗakinta tana sauya ruwan jiƙo. Na zauna ina karantawa ina mayarwa da Hausa, tana gyaɗa kai, wani wuri ta ce, "Awo, haka na ce." Da na gama shafin farko zan juya, ta ɗora yatsa a ƙasan takardar.

"Waɗanga ƙanana kamar tururuwa hwa? Su ba a karanta su?"

Na ce nan ne ake faɗin mai maganar. Na nuna mata na farko na ce, "Nan ga sunanki," don bakina ba zai iya furta shi a gabanta ba. Na karanta na biyu, na Baturen. Na uku, Ibid. Muka juya shafi, Ibid., Ibid. Wani shafin, Ibid. Tun tana gyaɗa kai har ta daina.

"Dakata, ɗiyata. Wane ne Ibidu?"

Dariya ta kusa ƙwace mini. Ta ce ita duk Tsibiri ba ta san mai wannan suna ba, ko mutumin Jiratawa ne? Kuma a ina ya koyi jiƙon anza har ya san sirrin sauya ruwa da tsakar rana, abin da ita kaɗai uwarta ta koya wa? Na yi mata bayani da irin muryar da 'yan boko ke yi wa tsofaffi bayani. Na ce ba mutum ba ne, alama ce mai nufin a duba na sama, wanda aka ambata yanzu-yanzu, shi ne mai maganar.

"To, duba na saman."

Na duba, Ibid. ne. Ta ce in duba na samansa. Na yi ta komawa baya shafi bayan shafi, tana biye da yatsana, har muka iso shafin farko. Sunan da ke saman Ibid. na fari ba nata ba ne. Na Baturen ne.

Zufar da ta karyo mini a lokacin ba ta zafin rana ba ce. Bisa ƙa'idar da nake taƙama da ita, duk abin da Iya ta faɗa mini a zuwa bakwai, duk abin da ta gada daga uwarta, na ɗauka na ba mutumin da bai taɓa sa anza a baki ba. Na bar mata jimla ɗaya tak. Ban iya yi mata ƙarya ba, na gaya mata. Da ta yi faɗa da na fi jin sauƙi. Sai ta mayar da hannu cikin tukunyarta ta ci gaba da motsa jiƙo.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ta ce, tana ɗan murmushi. "Ba komi, ɗiyata. Sunan dama a ajiye yake, ke kinka ce in hiddo shi."

Na koma Maraɗi ina jin kunyar da ban taɓa ji ba. A hanya na lissafa gyaran, na ga ashe ƙarami ne. In aka goge Ibid. na farko aka sa sunanta, sauran ashirin da ɗaya duk za su koma kanta. Layi ɗaya a kwafi uku. Na shiga gida da wannan albishir, na gaya wa Kawu duk yadda aka yi. Bai ce ai na tambaye ki ba, har ya bar duniya bai taɓa faɗa ba, wannan kuwa ya fi duka ciwo.

"Ga ƙa'ida, gyaranki ya yi," ya ce. "Amma tsohuwar ta hi mu gani. In gara ta ci shafin hwarko hwa? In wani ya ɗauki shafi guda daga tsakiya? Littahin Nasara yana da ɗakin karatu, ko an ɓata sunanshi nan, ana samo shi can. Ita ina za a samo ta? Kuma zuwa bakwai kinka yi mata, Ibid. ya maida su rana guda. Kawo kayenki."

Na ce in aka sa cikakken suna da gari da ranar hira a kowane wuri, bayanin zai ci layi biyu, rubutun sama ya matsa, babin duka ya rushe. Shafi talatin da ɗaya, sau uku. Kwana biyar ya rage motar Yamai ta tashi, kuma takardata ta ƙare. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshin takardar da yake buga wa mutane wasiƙu da ita, wadda ita ce tuwon gidan. Inna Hajo ta dubi ƙunshin, ta dubi mijinta, ta ci gaba da tankaɗe. Ita ma na riƙe mata wannan shirun har yau.

Washegari da la'asar hadari ya taso kamar kullum, ba wanda ya ko ɗaga kai. Sai iska ta tsaya cak. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki kamar an jefa tsakuwa, kafin mu kwashe takardu ruwa ya ɓarke. Kawu ya rungumi mashin ya yi ɗaki da shi, ni na bi da kaye a cikin zane. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Muna jin maƙwabta suna kabbara, Inna Hajo ta tsaya a tsakar gida ruwa na dukanta ta ƙi shigowa, bakinta a rufe gam don kada azuminta ya karye. An yi ruwa har magariba, irin wanda in ka tona ƙasa da hannu danshi ya wuce tsawon yatsu. Ruwan shuka ne.

Kawu yana da gonar gero a tudun Jiratawa, kuma tun yana saurayi bai taɓa barin shukar fari ta wuce shi ba. Shi ke riƙe sungumi yana sara rami, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. A irin wannan shekara, kwana biyu in ka yi sakaci ƙasa ta bushe, ka zauna jiran wani ruwan da ba wanda ya yi maka alkawarinsa. Ga irin da Inna Hajo ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka, ta hana mu ci duk yunwar nan. Bayan shan ruwa na ce masa mu yi gyaran layi ɗaya kawai, ya tafi gonarsa, Allah ya ga niyyarmu.

"Ke za ki tahi gona," ya ce. "Rubuta mini ranakun hirar a jere, kowace da lambarta. Ɗan'uwan Hajo ya riƙe sungumi. Shuka kowa ya iya ta."

Haka aka yi. Da asuba muka bi ayarin masu tafiya gona, gari duka ya fito, har waɗanda jiya ba su iya ɗaga ƙafa. Ni da na yi shekara huɗu ina riƙe da bik, alƙalamin 'yan boko, na wuni ina sunkuye da ƙwaryar iri, ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Ramin ɗan'uwan Inna bai kai na Kawu daidaito ba, ita da kanta ta faɗa, layukan suka yi ta karkacewa. Ƙishirwa ta ranar ba ta kai ta sauran kwanaki ba, ko don iska ta yi laushi ne, ko don mutum yana zuba abu a ƙasa yana sa rai. Kwana biyu muka yi muna kwana a Jiratawa.

Da muka dawo na tarar da Kawu a ɗaki, ƙofa a buɗe don haske. Danshi ya sa takarda ta yi laushi, karbon yana manne mata, sai ya riƙa shanya su a kan gado kafin ya sa a mashin. Zaren tawadar mashin ya ƙoƙe, ya ɗiga masa man keke ya juya shi ya ci gaba. Ba mai karanto masa, saboda haka da ido ɗaya yake bin tsohon shafi, ɗaya a kan sabo. Yatsunsa sun kumbura, idanunsa sun yi ja. Bai tambaye ni komai ba sai, "Ƙasa ta sha?" Na ce ta sha. Ya ce alhamdu lillahi, ya murɗa takarda rabin layi ya buga lamba. A ranar na san ina ƙaunar mutumin nan fiye da yadda zan iya gaya masa, kuma ban gaya masa ba, na dai tsaya ina yi masa fifita har ya kai ƙarshen shafin.

Daga baya a Yamai, ranar da na kare aikin a gaban malamai, ɗayansu ya zagaye ƙasan shafukan da jan bik ya ce maimaici ya yi yawa, ko ba a koya mini Ibid. ba ne? Na ce an koya mini, a Tsibiri. Bai gane ba, ni ma ban ƙara ba. Amma wannan daga baya ne.

Ana gobe motar za ta tashi na koma Tsibiri. Ba na manta hanyar a ranar: inda duk ka duba ƙasa ta yi duhu, gero ya fara tsaga ta da ɗan koren kai kamar allura. Ban sami Iya a gida ba, aka ce tana gamanarta, wato 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta. Na same ta zaune a gindin wata kalgo tare da maƙwabciyarta, wata tsohuwa da suka fi shekara arba'in suna ɗebo ruwa a rijiya ɗaya. Na gaishe su na zauna a ƙasa, na buɗe babin, na ce yau daga ƙasa zan fara.

Na ɗora yatsa a layin farko na ce, "Nan ga sunanki."

"Ban ji ba," in ji Iya. "Ni ba ni karatun yatsa. Hwaɗa shi."

Na ce, "Iya, da bakina?"

"Da na wa? Ba ke kinka rubuta ba?"

Na sunkuyar da kai, na karanta: "Zuwaira Barmo, manomiya, mai kimanin shekara tamanin, hira a Tsibiri."

Maƙwabciyar ta juyo ta dube ni, ta dubi gonar ko akwai wata da ba ta gani ba.

"Wace ce kuma Zuwaira?"

Iya ta ce in ci gaba. Na tsallake Baturen, yana nan a lamba biyu shi kaɗai da rabin layinsa. Na karanta na uku, muryata ta ɗan daidaita: "Zuwaira Barmo."

"Na'am," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Na ɗaga kai. Ba ni take kallo ba, idonta yana kan shukarta. Na juya shafi na sake karantawa, ta sake amsawa. Maƙwabciyar ta kama baki. Ban gajarta ko ɗaya ba, ban haɗa biyu wuri guda ba, na bi su da garinsu da ranarsu har shafi na talatin da ɗaya. Sau ashirin da biyu na kira ta bayan na farkon, sau ashirin da biyu ta ce na'am.